Waƙar Daɓen Tambai

Kwanakin nan ba na iya zama wuri ɗaya. In na shimfiɗa tabarma sai in naɗe, in na shiga ɗaki sai in fito ban ɗauko komai ba. Matar ɗana tana cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ni Kulu na san tsufa, tare muke kwana, bai taɓa hana ni zama ba. Abin da ke tashi na baiti ɗaya ne na waƙa, wanda kakata Tambai ta zuba mini a kunne ina yarinya a Banga, na riƙe shi har na yi furfura, sannan na bari ya sulale da gangancina.

A Banga, in an gama kwaso amfanin gona an cika rumbu, to lokacinmu ya zo. Da an sallame magariba an ci tuwo, sai mu jawo karan dawa mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Kara ba ya daɗewa, dole wani ya riƙa turawa. Mu binne gyaɗa a toka. Ita kuma ta fito da mazarinta da ɗan kaskon alli, ta zauna ta miƙe ƙafa ɗaya tana kaɗi. Gajeruwa ce, baƙa, haƙoranta jajir da fure, muryarta kuwa in ta sake ta har bayan gari ana ji. Jikoki muna da yawa, amma biyu ne kullum a gaba: ni da Hassi taubashiyata, ɗiyar goggona, wadda Tambai ke riƙo. Ni don in ji, Hassi don gyaɗa.

Tambai ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta murza mazari ta bar shi yana juyi, ta ce, "Ga wata tahe daga nesa, ƙahwarta duk ƙaya. Wa ka ba ta wuri?"

Mu haɗa baki, "Mu ka ba ta!"

Duk da haka ba za ta fara ba sai ta faɗi inda ta samo ta. "Wagga na karɓo ta ga innata Ladi ta Ɗan Isa. Ita ko ga wata Bahillata da ruwa ya tsare gidansu." Wata rana Hassi, baki cike da gyaɗa, ta ce, "Kaka, mu mi ya dame mu da Ladi? Ta mutu tun tuni." Tambai ta miƙa hannu ta ƙwace gyaɗar da ke tafin Hassi ta watsa a bakinta, ta tauna a hankali, ta ce, "To ni ma ban san wa at tono wagga ba." Hassi ta yi kuka, mu muka yi dariya. Ba ta sake tambaya ba.

Tatsuniyar da ta fi shiga raina ta daɓe ce. 'Yan yanzu da suka buɗe ido a kan siminti ba su san shi ba. In an gina sabon ɗaki, mata ne ke taruwa, a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, kowacce ta durƙusa da madaɓinta na icce, a yi ta dukan ƙasa har ta yi santsi tana ƙyalli. Kuma ba a yin sa shiru. Ɗaya ce ke bayar da waƙa, saura na amshi, madaɓai na sauka tare a kan amshin. In hannuwa suka saɓa, daɓe ba ya kyau.

To, in ji Tambai, wata mata ce duk ɗakin da ta daɓe sai gara ta huda shi. Ta gaji, ta ɗauki madaɓi ta nufi suri za ta rushe shi. Sai uwar gara ta leƙo ta ce, "Dakata, baiwar Allah. Ɗiyana ba mugunta su kai ba, makahi na, ba su san inda mutane su ke ba. Zan ba ki waƙa. In sun ji ta daga ƙasa, sai su juya." Amma ta ɗora mata sharaɗi: duk wadda ta roƙa a ba ta, wadda ta karɓa kuma ta faɗi wanda ya ba ta, ta ƙara nata baiti, ta miƙa gaba.

Waƙa ta yi aiki. Aka riƙa kiran matar nan gari gari, ana tarbarta da fura da goro. Sai wata rana ta zauna ta yi tunani: in kowa ya iya, wa zai sake kira na? Daga ranar ta koma rera waƙar da bakin zane a baki, gunaguni kawai ake ji. Mata ba su jin baiti, ba su san inda za su amsa ba, madaɓai suka riƙa sauka barkatai. Ita kanta, da babu mai mayar mata, sai baitocin suka fara zubewa ɗaya ɗaya ba ta lura ba. Ranar da aka zo daɓen ɗakin ɗiyarta ta cikinta, ta buɗe baki ta tarar ba kowa a ciki. Kafin wata ya zagayo gara ta cinye tabarmin amarya da faya-fayanta, har ƙafafun gado.

Ta koma suri tana roƙo. Uwar gara ta ce, "Ni ai na ba ki. Abin da nib bayar, ba ni aje wani." Dole ta bi gida gida, ita da ake durƙusa mata, tana tambayar mata ko akwai wadda ta tsinci wani abu tun lokacin da take rerawa a fili. Wannan ta ba ta rabin baiti, waccan ta ba ta kalma biyu. Abin da ta harhaɗa ba ita ce waƙar farko ba, amma ta riƙe ƙasa.

Nan Tambai ke tsayawa ta ce, "Ta kai inda za ta, ku ba ta hanya ta wuce."

Ni wannan ƙarshen bai taɓa yi mini ba. Sai in ce, "Kaka, to ta hwarkon hwa?"

"Ta tai."

"Ina?"

"Ke dai tura kara, wuta za ta mutu."

Waƙar kuwa ba a tatsuniya kaɗai take ba. Da ita Tambai ke bayar da daɓe a Banga. Farkonta:

Ƙasa kwanta, baƙuwa na tahe,
Gara koma gida.
Mun ba ki makuba kin sha kin ƙoshi,
Gara koma gida.

Daga nan sai baitin Ladi, sai na Tambai, sai kowace mace ta jefa nata. Na Tambai shi ne kan waƙar. In ta zo wurin, mata sai sun saki madaɓi don dariya. Ni na ɗauke shi tun ban kai ɗaukar tulu ba. Ba yabon kai ba, duk jikokinta ba wanda Allah Ya ba kunne da murya kamar ni. Ban je boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma abin da na ji sau ɗaya ya zauna. Da aka kawo ni Ƙaura gidan malamai, ba a yi shekara ba aka san ni. Ba ɗakin amaryar da za a daɓe a unguwarmu ba a aiko wa Kulu ba, kuma ban taɓa farawa ban ambaci Tambai da Ladi ba.

Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, ana ta murna, na je Shinkafi ranar kasuwa sayen kayan ɗakin autata. Ina ratsa layin masu kaset sai na ji ƙafata ta tsaya da kanta. Daga lasifika, muryar namiji da kiɗan zamani, ga "ƙasa kwanta" tana fita. Amshin nan ne, karin nan ne. Sai dai inda baitocin iyayena suke, ya cusa kirarin wani mai kuɗi.

Na ce da mai rumfar, "Malam, waƙar wa ta wagga?"

Ya miƙo mini kwali da hoton wani mai doguwar hula. "Sabuwa ta, Hajiya, ko sati ba ta yi ba. Ga mai ita nan."

"Shi yay yi ta?"

"Da kainai. Ga sunanai an rubuta."

"Ya hwaɗi wa ab ba shi?"

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Hajiya, basira ai Allah ka ba mutum!"

Na san yadda aka yi. Daɓe ba a ɓoye ake yin sa ba, duk mai wucewa bayan katanga yana ji. A tsakiyar kasuwa, gaban mutane, na ce wallahi ba mahalukin da zai sake jin waƙar nan a bakina. Na dawo Ƙaura ko rabin sayayyar ban yi ba.

Riƙe rantsuwar bai yi mini wuya ba. Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da Shari'a. Na yi murna har da hawaye, a gidan malamai na tsufa, abin da muke ji a karatu ne ya fito fili. Ganguna suka lafa, biki ya koma walima da wa'azi. Daɓe kuwa ba wanda ya hana shi, siminti ne ya kashe shi ba gardama. In wata ta ce, "Inna Kulu, ɗan tuna muna waƙar nan," sai in ce na yi rantsuwa, in ji wani daɗi a raina. Ina ganin na adana ta inda ɓarawo ba ya kai.

Wata rana ina tankaɗe ni kaɗai, sai na ce bari in bi ta a zuci. Na wuce farko, na wuce na Ladi, na zo na Tambai. Shiru. Na koma baya na sake tahowa. Shiru. Na san akwai zabuwa a ciki, na san ana dariya, ina ma ganin bakin Tambai yana motsi, amma kalma ko ɗaya ba ta fito ba. Na ajiye rariya. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Ni Kulu in ce na manta?

Ana nan sai jikata Ummi, takwarata, ɗiyar ɗana na fari, ta shiga babbar makarantar kimiyya ta nan Ƙaura, tana karatun kwamfuta. Wata la'asar na same ta a rumfa da kwamfutar a cinya, da wani faifai da aka yi wa rubutu da hannu, wanda ƙawayenta ke ta karɓa suna kwafa. Ni tun abin Shinkafi na tsani kalmar kwafi.

Na ce, "Takwara, sata anka aike ki koyo?"

Ta ce, "Haba tsohuwa, wanga halas na. Masu shi sunka ce a kwasa."

Ta yi mini bayani, na kama abin da na kama. Wai abin da ke sa kwamfuta ta yi aiki, akwai wanda kamfani ke rufewa, ba mai ganin cikinsa, in ya lalace sai dai ka jira su. Akwai kuma irin wannan, wanda mutane da yawa a ƙasashe daban daban suka haɗa hannu suka yi, suka bar shi a buɗe. Kowa na iya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara, ya ƙara. Abin da aka hana shi ne ka goge sunan waɗanda suka riga ka, ko ka kulle bayan ka shiga. Ta ce har mawaƙa akwai masu yin haka, waɗanda ba su ƙarƙashin kowa. Ta rage murya don kada babanta ya shigo, ta kunna mini wata mata tana rerawa da wani yare, wani daga wata ƙasa ya ɗora nasa a kai, sunayensu duka a jere.

Na tashi tsaye. Na zauna. Na ce, "Su mutanen ga, wa ag gaya musu? Akwai ɗan Banga cikinsu?"

Ta yi dariya har kwamfutar ta kusa zamewa. Da ta ga ni ba dariya nake ba, sai ta tsare ni, har na ba ta labarin Tambai da uwar gara da mai doguwar hula. Abu ɗaya na ɓoye. Ta ce, "To ki ba ni waƙar in ɗauka, a sa ta haka. Da sunanki da na Tambai. Wanda yag goge, kowa ya san ɓarawo na."

Na ce rantsuwa ce a kaina, kuma babanta ba zai yarda ba.

Ashe ta kai masa maganar. Ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne, Malam kowa ke ce masa, shi ke karantar da Larabci a makarantar gwamnati. Washegari ya zo ya zauna ƙasa kamar yadda ya saba, ya gaishe ni, ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Inna, rantsuwar hushi tana da magani. In mutum ya ga abin da ya hi alheri, sai shi yi kaffara shi aikata shi. Ki ciyar da miskinai goma."

Na kau da kai na ce, "Ni na ɗauka kai za ka hana."

Ya ce, "Waƙar aiki ta, ba kiɗi, ba batsa. Hoto dai ban yarda ba." Ya miƙe, ya kai ƙofa, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Da ita anka goye ni."

Da hannuna na tuƙa tuwon kaffarar, ban bari kowa ya taɓa muciya ba. Rantsuwa ta sauka, amma ramin yana nan. Sai na ce zan je Zurmi gaida Hassi, wadda aure ya kai can tun muna 'yan mata. Na hau mota ina jin kunyar kaina. Ni zan roƙi Hassi waƙa? Hassin gyaɗa?

Na tarar da ita a tsakar gida, ta rame, kunne ɗaya ya tafi, bakin dai yana nan. Tana gani na ta ce, "A'a, sarauniyar daɓe da kanta! Wa am mutu?"

Na ce, "Ke nika jira."

"Sai dai ki riga ni, ke da girman kai ya tsotse."

Ba mu gama gaisawa ba na ji dukan turmi daga gidan maƙwabta, mata na sussuka. Sai wata murya ta tashi: "Mun karɓo ga Hassi, ta karɓo ga Tambai ta Banga, ta karɓo ga Ladi." Taɓare suka sauka tare. Gara koma gida.

Na kasa kunne. Ashe duk shekarun da nake zaune a kan waƙar nan kamar kaza a kan ƙwai, Hassi da muryarta ta gwangwani ta raba wa unguwa guda. Da daɓe ya mutu suka mayar da ita ta sussuka. Sun cika ta da abin da Tambai ba ta taɓa gani ba: babur, injin niƙa, mijin da ya tafi Ikko ya manta hanya. Har nawa baitin na ji, wanda na ƙara ina amarya, mai bayarwa ta ce, "Ga na Kulu ta Ƙaura."

Na ce, "Ba haka ta ke ba. Sun ja amshin, sun ɓata karin."

Hassi ta juyo kunnen mai ji. "To ke taki ina ta ke?"

Matan suka sake ɗauko waƙar daga farko. Na jira su zo na Tambai. Daga na Ladi sai suka tsallaka zuwa nawa. Na kama hannun Hassi, na faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ce, "Hassi, na Kaka ya ɓace min. Mai zabuwa. Tuna min."

Wasan ya fita daga fuskarta. Ta ce, "Kulu, ni ban taɓa riƙe shi ba. Yana da tsawo, ga dariya. In an zo wurin ke nika duba. Na ɗauka yana wurinki, ina cewa wata rana ki zo ki ba yaran ga."

Kwana biyu na yi a Zurmi. Muka bi tsofaffin da ke da dangi a Banga. Wata ta ce ta san da zabuwa, wata ta ce ba zabuwa ba ce, kaza ce. Ba wadda ta kawo shi.

Da na dawo, Ummi ta ajiye mini abin ɗaukar magana a gabana. Na ambaci Tambai da Ladi da Bafillatar da ruwa ya tsare. Na ƙara da Hassi, ko da yake bai yi mini daɗi ba. Matar ɗana da maƙwabta biyu suka yi amshi suna dukan tabarma da tafi. Da na zo wurin, na yi shiru daidai tsawon baitin, don tsawon ban manta shi ba, su kuma suka amsa a kan lokaci. Bayan mun gama Ummi ta ce za ta iya yanke shirun, ba wanda zai gane.

Na ce, "Ki taɓa shi ki gani."

Yanzu waƙar tana yawo a wayoyin mata, an ce har Shinkafi ta koma. Ba zan ce na yafe wa mai doguwar hula ba, ban yafe ba. Amma shi abin da ya ɗauka bai rage ni da komai ba, waƙata tana bakina ranar da na bar rumfar mai kaset ɗin nan. Wadda ta ɓatar da baitin Tambai ni ce, da na ce ina tsare shi. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gara a kan rowa take, ni kuwa ban taɓa zama marowaciya ba, kowa ya shaide ni a abinci da sutura. Ban san mutum na iya rufe abu don tsananin son sa ba, ya kuma kashe shi da hakan. Da na bar shi a bakin mata goma, ko da sun karkata shi, ko da sun mayar da zabuwar kaza, da yau ina da wanda zan yi wa gardama.

Har yanzu ina laluben sa, wani lokaci ina jin ya zo bakin harshe sai ya koma. Ban cire rai ba, Banga ta aurar da mata da yawa, ba a san inda wata ta kai shi ba. In akwai wadda kakarta ta yi daɓe da Tambai, ta saurara da kyau bayan baitin Ladi. Wurin da na yi shiru, nan ne. In tana da shi ta sa. In ba ta da shi ta sa nata, kada ta jira ni.